Kujerar Baya

Shekara goma sha tara ina kallonsa ta madubi.
Shi ƙeyata ya sani, ni goshinsa,
da layukan nan uku da kan tsaga shi
in fayil ya yi nauyi.

Mai Shari'a Isyaku Lawandi, ɗan mai goro na Agege.
A bakin huhu ya koyi aikin, in ji shi,
yana ware fari da ja,
yana zare mai tsutsa kafin ya ɓata 'yan'uwa.
Majistare a Ikeja, Babbar Kotu shekara tara,
sai Ɗaukaka Ƙara: Kalaba, Ilori, Jos,
duk inda takarda ta jefa shi, ga ni biye da makulli,
har ta maido mu Ikko
da furfura da ciwon gwiwa.

Ran Juma'a mukan je gaida tsohuwa.
Gosulo a kan doguwar gada, danfo na gogar danfo,
yaran mota na rataye suna kiran Oshodi,
shi kuwa jan biro a haƙori,
yana bin maganar wani da aka yi shekara takwas baya
a wata kotu da bai taɓa shiga ba.
Bai ga mai shaida ba, bai ji rawar muryarsa ba.
Takarda kawai.
Takarda kuwa ba ta gumi.

Wata Babbar Salla aka aiko da rago,
da jaka a binne cikin buhun dusa.
Ya ce, "Bawale, maida su inda suka fito."
Awa huɗu zuwa Lekki.
Ragon ya cinye min rigar kujera, ya bar min tsarabarsa a but,
wata guda motar gwamnati na warin turke.

Ba zan ce bai taɓa kuskure ba, ban sani ba.
Akwai yaron da aka yanke wa rataya,
ya sa hannu ya tabbatar.
Daga Igbosere har gida bai ce uffan ba.
Da muka isa bai sauka ba.
Na kashe mota, muka zauna, sauro na cinmu,
har aka kira isha'i.

Sai shari'ar masunta,
waɗanda aka zuba yashi a kan gidajensu.
Baba Sewanu kan zo da silifas kala biyu,
ya zauna a bencin ƙarshe, ba ya jin Turanci,
fuskokin alƙalai yake karantawa.
Su uku a kan teburi. Biyu suka yi gabas.
Nawa ya tsaya shi kaɗai da shafi arba'in da ɗaya
da ya rubuta da fitilar caji.
Ya tambaye ni a hanya,
"Wanda ya kafa gida kan ruwa shekara sittin, ruwan na waye?"
Na ce, "Ranka ya daɗe, ni tuƙi na sani."
Ya yi dariya har biro ya faɗi.

Bayan shekara goma sha ɗaya
Kotun Ƙoli ta ce shi ne da gaskiya.
Ya aike ni da takardar bakin ruwa.
Na tarar da bene hawa ashirin, da maigadi, da kare.
Baba Sewanu, aka ce, ya shekara shida a ƙasa.

Yau ya cika saba'in.
An yi jawabai, an ba shi agogon bango.
Na linke baƙar rigar, na sa hular gashin a gwangwaninta,
na buɗe masa ƙofar baya kamar kullum.
Sai ya zagaya
ya zauna gaba, kusa da ni,
yana laluben bel kamar baƙo.
"Agege," ya ce. "Bi ta gada, ina so in ga ruwan."

Mun wuce Adeniji, mun hau.
Ga kwale-kwale can ƙasa, wani na jefa birgi.
Ni kuwa idona sai komawa madubi yake,
ba kowa a ciki
sai Ikko, tana danna mana ham.